Banɗakin da Ya Gagari Kawu Manase

A tsibirinmu babu banɗakin da Kawu Manase bai taɓa durƙusawa a gabansa ba, in ka ɗebe guda ɗaya. Na makaranta shi ya haɗa shi, na gidan fasto shi ke lallaɓa shi, na ɗakin shan magani kuwa ban san sau nawa ya ceto shi ba. Famfo, indararo, tankin ruwan sama, har injin kwale-kwale in ya yi gardama, duk wurinsa ake zuwa. Ƙanin mahaifiyata ne, ɗan tsamurarren mutum mai manyan kunnuwa, kullum da tsohon buhun shinkafa a kafaɗa, kayan aikinsa na ƙara a ciki. Ba ya yanka wa kowa lada. Wani ya ba shi rogo, wani kifi, wani godiya zalla, ya karɓa ya tafi yana mita a hanya.

Shi ne auta, kuma shi kaɗai ne namiji bayan mata uku. Babbarsu Inna Luseane, sai wadda aure ya kai tsibirin Vava'u, sai mahaifiyata, wadda ta rasu tun ina budurwa. Kafin ya cika shekara goma aka naɗe tabarmarsa aka kai bukkar samari a bayan gida, kamar yadda mu mutanen Tonga muke yi wa duk yaron da ke da 'yan'uwa mata. Tun daga ranar bai sake sa ƙafa inda suke kwana ba. Ba ya zama tabarma ɗaya da su, ba ya gifta su babu riga, in hira ta fara karkata wajen zancen jiki, ko dai ya tashi ko su tashi. Haka aka raine mu duka, amma ban taɓa ganin wanda abin ya shiga jininsa kamar Kawu ba.

Da ya tasa ya kama aiki a jirgin ruwa mai zirga-zirga tsakanin yankinmu na Ha'apai da babban birni Nuku'alofa, can ƙasa a ɗakin inji, inda ya koyi bututu da sifana da ashar iri-iri. Ya yi aure, Allah bai ba su haihuwa ba, daga baya matar ta riga shi tafiya. Sai ya tattaro buhunsa ya dawo gida. Mazan da ke shan kava da shi, wato jiƙon saiwar da mazanmu ke taruwa su sha da dare, sun ce in ya buɗe baki har fasto sai ya riƙe ciki don dariya, sannan ya tuna shi fasto ne ya haɗe rai. Amma Inna Luseane ta ɓullo, ko daga nesa ne, sai Kawu ya haɗiye sauran maganar, ya gyara zama, ya yi tsit. Duk Asabar kifin da ya fi kyau cikin abin da ya kamo nata ne. Zai ajiye a bakin ƙofa, ya koma kan ciyawa ya zauna, ta tambaye shi labarin teku, ya amsa kansa a ƙasa. Tsoho mai furfura fa nake faɗa.

Ni kuwa ɗiyar yayarsa ce, saboda haka a al'adarmu abin da ke hannunsa nawa ne, bakina kuma ba shi da linzami a kansa. Na ƙwace masa adda, na ƙwace masa fitila, na taɓa ɗauke masa ɗan alade yana kallo. Da ya hango ni sai ya ce, "Ku ɓoye tukwane, Siana ta iso." Gidana na jikin na Inna Luseane, mijina yana Ostireliya tsinkar 'ya'yan itace kamar rabin mazan garin, don haka ni ce idon Inna, ni ce ƙafarta.

'Ya'yanta duk suna Okalani, can Niyu Zilan. Da gwiwoyinta suka fara ƙin ta, ga ciwon suga da ke yawan tura ta bayan gida, babbar 'yarta Lesieli ta ce ko dai ta koma wurinsu ko a yi mata banɗaki a ciki. Inna ta ce gidan nan aka kawo ta tana amarya, kabarin mijinta ga shi can tana hangowa daga baranda, babu inda za ta. Sai aka turo magina daga Nuku'alofa da komai nasu a jirgi. Suka fasa bangon ɗakin kwananta suka manna banɗaki a jiki, ƙofarsa ta cikin ɗakin, dab da gadonta. Suka sa ɗan inji mai aiki da hasken rana a gindin babban tankin siminti na bayan gida, yana tura ruwa ciki. Kawu ya taya su ɗaukar kaya har bakin ƙofa. Ranar da za a fasa bangon kuwa ya ɗauki ƙugiyarsa ya tafi kamun kifi.

Aka yi shekaru biyu lafiya lau, sannan ruwan sama ya ɗauke. Mu ba mu da rafi, rijiyarmu kuma gishiri ce, ko alade sai ya yi tunani kafin ya sha. Abin da indararo ya tara maka a tanki shi ne shanka, shi ne girkinka. Lesieli ta bugo min waya ta ce, "Siana, ni na gaji da jayayya da ita. Muddin tana da ruwa, ta zauna. Ranar da tankin nan ya ƙafe zan zo in ɗauke ta, kuma ba dawowa." Ban damu ba a lokacin. Tankin Inna ya fi na kowa girma, ita kaɗai ce kuma a gidan.

Wata Asabar Kawu yana zaune a ciyawa, Inna na kan kujerarta a baranda tana ba shi labarin aladun maƙwabta da suka yi mata ɓarna, sai injin ya yi gurnani a bayan gida ya yi shiru. Can an jima ya sake. Na ga kunnuwan Kawu sun motsa. Sai da muka fito hanya ya tare ni.

"Siana, wa ke wanka a gidan?"

"Wa kuwa? Ita kaɗai ce, ga ta can ka baro ta a baranda."

"To wa injin yake tura wa ruwa?"

"Kai ne mai gyara, ni kake tambaya?"

Ya sosa ƙeya. "Koma ki duba min abin nan."

"Wane abu?"

"Abin nan dai. Na ciki."

"Masai, Kawu. Sunansa masai. Jiya a gidan fasto har kirari kake yi masa."

"Rufe min baki, mara kunya. Wancan na gidan fasto ne."

Na koma na duba. Wani siririn ruwa ne ke gangarowa ta cikin kwanon masan, shiru-shiru, in ba ka sa ido ba ba za ka gan shi ba. Ƙaramin tankin da ke bayan masan yana zubarwa, inji yana cika shi, yana sake zubarwa, babu hutu. Da na faɗa wa Kawu, ya ɗauko doguwar sanda ya zira ta bakin babban tankin, ya zaro ya dubi inda ta jiƙe. Bai faɗa min abin da ya gani ba, amma na ga fuskarsa.

"Ƙaramin aiki ne," ya ce.

"To shiga ka yi mana."

Ya dube ni kamar na zage shi.

Ranar da Inna ta dogara sandarta ta tafi zauren coci, inda mata ke saƙar tabarma, na ce masa ga dama ta samu, gidan babu kowa. Ya ce ɗaki ɗakinta ne, ko tana ciki ko tana bangon duniya. Sai ya tsaya a waje jikin bangon banɗakin, ya juya masa baya yana fuskantar itatuwan kwakwa, ni kuma ina ciki, muna magana ta 'yar tagar sama.

"Ɗaga murfin."

"Ya ƙi. Wasu maɓallai biyu ne a kai."

"Biyu? Na mene ne?"

"Ka tambayi mutanen Okalani."

Da ƙyar na gano yadda ake cire shi.

"Yawwa. Kin ga ƙwallon?"

"Wane ƙwallo?"

"Wanda ke yawo a kan ruwa, a bakin sandar ƙarfe. Ɗaga shi sama."

"Babu ƙwallo, babu sanda."

"Ba a yin masai babu ƙwallo, Siana. Buɗe idonki."

"Idona a buɗe yake, tsoho. Wata doguwar roba ce tsaye a tsakiya kamar gwangwani, sai wata a gefe. In ba ka yarda ba zagayo ka gani."

Bai zagayo ba.

Na ɗauki hoto da waya na kai masa. Da farko ya kau da kai, don gefen tawul ɗin Inna ya fito a ciki, sai da na rufe wurin da yatsa ya yarda ya duba. Ya daɗe yana kallo. Duk masan da ya sani a rayuwarsa na ƙwallo da sanda ne, wannan bai taɓa ganin cikinsa ba. Ya ce tabbas akwai wata 'yar roba a ƙarƙashin doguwar nan, ita ta gaji, amma yadda ake kai wa gare ta sai hannu ya taɓa ya ji. Na koma na ja doguwar sama, ta ƙi. Na girgiza ta, ta yi wata 'yar ƙara.

"Bari! Bari! In ta karye babu irinta daga nan har Nuku'alofa!"

Akwai ɗan famfo a jikin bango wanda ake rufe wa masai ruwa da shi, amma iskar gishiri ta cinye shi ya ƙame. Kawu ya miƙo min sifana ta taga, na murɗa har tafin hannuna ya yi ja, ko motsi bai yi ba. Bututun kuma a ƙarƙashin simintin ɗakin ya rabu, ɗaya kicin ɗaya banɗaki, babu yadda za a datse shi daga waje. Na kira malamar makaranta, na kira nas, kowacce ta leƙa, ta ja kaɗan, Kawu yana ihu daga waje kada a karya, ta wanke hannu ta tafi. Haka muka tashi a tutar babu.

Da yamma Kawu ya kashe injin. Muka shirya in riƙa ɗebo wa Inna ruwan teku a bokiti don masai, na sha kuma in ɗiba mata kai tsaye daga tanki. Ta gwada ɗaga bokitin, hannunta ya ƙi. Na ce to ta bar shi, in na shigo ni zan riƙa zubawa. Kallon da ta yi min har yau ina jin sa a jikina.

"Ni na wanke miki kashi, Siana. Ba za ki ga nawa ba ina numfashi."

Washegari ta sa aka kira Kawu. Ya zo ya zauna a wurinsa na kullum.

"Nase, wa ya kashe min inji?"

"Ni ne, Yaya. Na ga kamar ya ɗau zafi, na ce ya huta."

"Ya huta. Kunna shi."

Ya tashi ya kunna. Ina tsaye ina kallonsa, ji nake kamar in rufe shi da duka. Mutum ya ba sittin baya, ya san ruwan yayarsa ke tsiyayewa, ya san abin da zai biyo baya, amma da hannunsa ya danna maɓallin.

Za ka ce a kira wani namijin mana. Wa? Mazan da suka rage a tsibirin tsofaffi ne, kuma in ka bi salsala kowannensu ɗan'uwan Inna ne ta uwa ko ta uba, dokar da ta hau Kawu ta hau su. Fasto kaɗai ne baƙo, shi kuma wa zai iya buɗe baki ya ce wa fasto ya zo ya zira hannu a masai? Akwai wani mai gyara a Pangai, babban garin yankinmu, na yi ta kiransa, kullum yana nan tafe, har muka ji ya bi 'yan tsinkar lemo ya bar ƙasar. Na roƙi Lesieli ta turo wani daga Nuku'alofa. Ta ce to, za ta duba. Ba ta duba ba, kuma ban ga laifinta sosai ba. Uwarta take so kusa da likita, ga hanya ta samu.

Sai na koma kan Inna. Na same ta tana tsaga ganyen saƙa a cinyarta.

"Inna, ki dawo gidana kwana ɗaya tak. Mu kwashe gadon da kayanki, ɗakin ya zama fili, Kawu ya shiga ya fita."

"Ya shiga ya yi me?"

"Ya gyara masan."

"Ƙanina? Ya durƙusa inda nake zama, ya sa hannu? Sannan Asabar ya zo ya zauna a gabana in dubi idonsa?" Ta girgiza kai. "Ke yarinya ce."

"'Ya'yana uku, Inna."

"Yarinya mai 'ya'ya uku."

"Lesieli za ta ɗauke ki fa."

Hannunta ya tsaya a kan ganyen. "Na sani," ta ce. Can kuma ta ce, "Allah zai kawo ruwa."

Da abin duniya ya ishe ni, na je na shirga wa Kawu ƙarya. Na ce Inna ta ce ya shiga. Yana ɗaura ƙugiya a bakin bukkarsa, ko ɗagowa bai yi ba.

"Da bakinta?"

"Da bakinta."

"Me ta ce?"

"Cewa ta yi ka shiga ka gyara."

"Yaya ba za ta faɗi haka ba." Ya ja zaren da haƙori ya tsinke shi. "Da za ta faɗa, da na shiga. Ko wuta ta ce in shiga zan shiga. Amma ba za ta faɗa ba, ni kuma ba zan sa ta faɗa ba."

"To ku zauna!" na ce. "Ku biyun ku zauna da kunyarku har jirgi ya zo ya raba ku. Tsofaffin banza, kuna ji kuna gani!"

Ya bar ni na gama tas, sannan ya miƙo min kifi biyu ya ce in kai wa yara. Ina kuka na karɓa.

Asabar ta gaba injin ya yi gurnaninsa a tsakiyar hirarsu. Inna ta dubi teku ta ce, "Nase, tankin nan ya tsufa. Ina jin yoyo yake yi."

"Ya tsufa kam, Yaya."

"Ka duba min shi."

"Zan duba."

Tankin nan lafiyarsa ƙalau. Ita ta sani, shi ya sani, ni na sani. Amma Litinin da sassafe sai ga Kawu da sauran simintin da ya adana don gyaran kabarin matarsa. Ya kwaɓa da ruwan rijiya, ya hau shafe tankin tun daga gindi har wuya. Yini ya yi a cikin rana, yana bin kowane ɗan zane da yatsa kamar da gaske wani abu yake nema. Inna ta sa na kai masa shayi da dafaffen rogo. Da ya gama ta fito da sandarta ta zagaya tankin, ta ce aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Ya ce amin. Suna tsaye injin ya tashi a gabansu, babu wanda ya dubi wani. Ban taɓa jin tausayin mutane biyu da haushinsu a lokaci guda kamar ranar ba.

Daga nan Kawu ya daina zuwa shan kava. Kullum da safe zai zo ya zira sandarsa a tanki, ya duba, ya jingina ta. A coci fasto yana roƙon ruwa, muna amsawa da ƙarfi. Hadari zai haɗu can kan teku, ya yi baƙi ƙirin, mu fito da robobi da tukwane, ya zubar da kayansa a cikin teku muna kallo ya wuce. Wata safiya na tarar da Kawu a kan tsani da jarka a kafaɗa, yana juye ruwa a tankin Inna. Daga nasa tankin yake ɗebowa.

"Kawu, masai fa kake shayarwa."

"Na sani."

"Kai me za ka sha?"

"Kwakwa ta ƙare ne a garin?"

"Ka ga yadda ka koma kuwa? Kunnuwa kaɗai suka rage."

"Su ma ki zo ki ƙwace. Riƙe min tsanin nan, surutu ya yi yawa."

Na riƙe masa. Me zan yi? Nima daga baya na fara kawo jarka ɗaya daga nawa, ina zubawa ina zagin kaina. Abin da muka ƙara bai wuce ya sayo mata 'yan kwanaki ba.

Ranar da abin ya zo, injin ya yi ta kuka bai tsaya ba, iska kawai yake ja. Inna da kanta ta ce a kashe shi. Ba ni na faɗa wa Lesieli ba, a gari irin namu labari ba ya jiran mai kai shi. A jirgin da ya biyo baya sai ga Lesieli. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta shiga banɗakin ta fito, ta zagaya baya ta dubi tankin da sabon shafensa, ta dube ni. A nan aka haife ta, ba ta bukatar bayani. Ta koma ciki ta fara naɗe tabarmi.

Inna ba ta yi gardama ba, abin da ya fi karya min zuciya ke nan. Ta raba tukwanenta, ta ba ni gadon, ta sa muka kai ta kabarin mijinta ta zauna ta cire ciyawar da hannunta zai iya kai wa. Ranar tafiya mu mata muka ɗauke ta a kan kujera muka ratsa ruwa da ita zuwa kwale-kwalen da zai kai su Pangai. Kawu ya ɗaura tabarmar da muke ɗaurawa a ƙugu don girmamawa, tasa ta zuwa coci, ya shiga ruwa da ita har ciki, ya riƙe hancin kwale-kwalen don kada ya yi lilo. Da aka zaunar da ita ta kira shi.

"Nase."

"Yaya."

"Ka riƙa cin abinci. Ka rame."

"To."

"Gidan yana hannunka." Sannan ta ƙara, idonta a kan ruwa, "Duk ɗakunansa."

"To, Yaya."

Shi ya tura kwale-kwalen. Ya daɗe tsaye a cikin ruwan bayan kowa ya watse.

Bai shiga gidan a ranar ba, bai shiga washegari ba. Sai da aka kwana biyu ya zo ƙofar gidana da buhunsa ya ce in zo in raka shi. Ɗakin babu komai sai sawun ƙafafun gado a kan leda. Ya cire takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya kamar mai neman izini. Sannan ya wuce da sauri kansa a ƙasa, bai dubi dama ko hagu ba.

Ya durƙusa, ya cire murfin, ya zira hannu ya lalubi doguwar robar. Ya ɗan murɗa ta hagu, ta ce ƙas, ta fito a hannunsa. A gindinta akwai wata 'yar baƙar roba mai faɗin bakin kofi, ta yi ƙuraje a fuska ɗaya. Ya ciro ta, ya goge a rigarsa, ya juya ta ɗaya fuskar, ya mayar da komai wurinsa. Ko buhun bai kwance ba.

"Shi ke nan?" na ce.

Ya sa na ɗebo bokitin ruwan teku, ya juye a ƙaramin tankin, ya ja layi da farce a inda ruwan ya tsaya. Muka zauna muna kallo. Ruwan bai motsa daga layin ba. Ya shafa cikin kwanon da bayan hannunsa, a bushe yake.

"Ki buga wa Lesieli," ya ce. "Ki ce mata an gyara. In ruwa ya sauka sai ta dawo da ita."

Na buga a gabansa. Lesieli ta saurara har na gama. Ta ce an riga an kai Inna asibiti, likita ya ce ƙodarta ta taɓu, duk mako sai an gan ta, babu maganar dawowa. Ta ce a gaishe da Kawu.

"Me ta ce?"

"Ta ce a gaishe ka."

Ya gyaɗa kai. Ya mayar da murfin a hankali, ya daidaita maɓallan nan biyu. Sannan ya zame ya zauna a ƙasan banɗakin yayarsa, ya jingina da bango, ya rufe fuska da hularsa. Na fita na ja masa ƙofa.